Tsarin Wayar Salula da Kula da Na'urorin Musayar Kira: Misali daga Kafancan da Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Garin Kafancan da ke ƙaramar hukumar Jama'a ya yi suna ne ta dalilin jirgin ƙasa. Tun daga 1927, a nan ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Aikin mahaɗa irin wannan shi ne juya wa kowane jirgi layin da zai kai shi inda ya nufa. Idan majuyin ya lalace, to, lafiyar dogo da ta taragu ba ta da wani amfani. Haka al'amarin yake ga wayar salula, domin ita ma tana da tata mahaɗar, wato na'urar musayar kira. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda kira ke tafiya daga waya zuwa waya, da irin kulawar da na'urorin ke bukata, tare da la'akari da yanayin kudancin Jihar Kaduna.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

An kafa kamfanin NITEL a 1985, kuma shi ya riƙe harkar tarho a Nijeriya na tsawon shekaru. A 1992 aka kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Kafin 2001, layukan tarho da ke aiki a ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. A watan Janairun 2001 hukumar ta yi gwanjon lasisin salula na tsarin GSM a kan dala miliyan 285 kowane guda. Kamfanonin MTN da Econet, wanda a yanzu ake kira Airtel, suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, sannan Glo ya biyo baya a 2003. Daga nan ne turakun sadarwa suka riƙa bazuwa sannu a hankali zuwa garuruwa irin su Kafancan da Zonkwa da Kwoi da Kaciya.

3.0 Yadda Kira ke Tafiya

Ana rarraba ƙasa ne zuwa ƙananan kewaye, tamkar ɗakunan saƙar zuma, kowane kewaye da turken da ke kula da shi. Wayar hannu tana magana da turke ta zangon rediyo, kuma a tsarin GSM ana amfani da zangon megahaz 900 da 1800. Kowace tashar zango guda tana ɗaukar mutum takwas, ta hanyar raba musu lokaci bi da bi cikin saurin da kunne ba zai lura ba. Iyakar nisan da turke zai iya yi wa hidima a wannan tsari kilomita 35 ne, amma dutse ko kurmi ko gine-gine sukan rage shi ƙwarai.

A ɗauki misalin manomin citta a Kwoi da ya kira dillali a kasuwar Dawanau ta Kano. Turken da ya fi kusa da shi zai karɓi kiran, ya miƙa shi ga na'urar da ke jagorantar turaku da yawa a lokaci ɗaya. Wannan miƙawa kan kasance ta farantan da ke kallon juna daga turke zuwa turke, ko ta zaren gilashi da aka binne a ƙasa. Daga nan sai kiran ya isa cibiyar musaya, wadda galibi a babban birni take. A nan na'urar musaya za ta duba babban kundin rajista, ta tabbatar da sahihancin katin sim, ta gano inda wayar dillalin take, sannan ta buɗe hanya tsakaninsu. Akwai kuma kundin baƙi, wanda ke riƙe da bayanin duk wayar da ta shigo yankin cibiyar. Idan mai kira yana cikin mota daga Kagoro zuwa Gidan Waya, ana miƙa shi daga turke zuwa turke ba tare da maganarsa ta yanke ba.

A tsarin 4G da 5G, murya da saƙo da hoto duk ana daddatsa su ne zuwa ƙananan ƙunshin bayanai, kuma manhajar kwamfuta ce ke yin aikin musayar. Duk da haka, ka'idar ba ta sauya ba: dole kowane kira ya bi ta wata cibiya.

4.0 Kula da Na'urorin Musaya

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Lalacewar turke guda tana shafar unguwa ko ƙauye ne, amma tsayawar na'urar musaya tana iya rufe bakin jihohi da dama. Saboda haka ake kula da abubuwa huɗu.

Na farko, wutar lantarki. Na'urorin suna aiki ne da wuta mai tafiya hanya ɗaya, mai ƙarfin bolt 48. Akwai na'urar da ke sauya wutar gari zuwa irin wannan, da jerin batura da ke riƙe aiki idan an ɗauke wuta, da janareta biyu masu karɓeɓeniya. Ana gwada baturan a kai a kai, domin batir ɗaya mai rauni yana kassara jerin duka.

Na biyu, sanyi da tsafta. Zafi yana rage kwanan batura da allunan na'ura, don haka iyakwandishan ba ya hutawa, kuma ana wanke matatun iska ko a sauya su.

Na uku, tanadin madadi. Kowane muhimmin allo yana da abokin jiran ko-ta-kwana, kuma ana ajiye kwafin kundin rajista a wani wuri dabam. Akan yi manyan gyare-gyare da sabunta manhaja da tsakar dare, lokacin da kira ya yi ƙaranci.

Na huɗu, sa ido. Kowace na'ura tana aika ƙararrawa zuwa ɗakin lura idan ƙofa ta buɗe, ko mai ya yi ƙasa, ko zafi ya hau, domin a tura injiniya kafin ɓarna ta auku.

5.0 Matsalolin Kudancin Kaduna

Yankin yana da duwatsu, musamman na Kagoro, waɗanda ke tare zangon rediyo, har ƙauyen da ke cikin kwari ya rasa sabis alhali turke ba shi da nisa. Damina a nan tana da tsawo, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwa mai ƙarfi yana raunana saƙon da ke tsakanin farantai. Ga kuma aradu, wadda ta wajabta a riƙa auna ingancin wayar tagulla da ke zubar da wutar tsawa cikin ƙasa. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe matatun iska.

Bugu da ƙari, ƙarancin wutar gari ya sa turaku da yawa sun dogara da man dizal, wanda kai shi ƙauyuka da damina ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai satar batura da mai, da yanke zaren gilashi yayin aikin hanya. Jama'ar jihar sun ɗanɗana rashin sadarwa a ƙarshen Satumbar 2021, lokacin da aka katse layuka a wasu sassa saboda dalilan tsaro, har zuwa watan Nuwamba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa wayar da ke hannun mutum ƙarshen wata doguwar sarƙa ce kawai, wadda ta haɗa turke da faranti da zaren gilashi da cibiyar musaya. Ciniki da aiken kuɗi da neman agajin gaggawa duk sun rataya ne a kan wannan sarƙa. Ya kamata kamfanoni su ƙara yawan turaku masu amfani da hasken rana, a horar da matasan yankin aikin gyara, al'umma kuma su ɗauki turken garinsu a matsayin dukiyarsu. Gyara kayanka, in ji Hausawa, bai zama sauke mu raba ba.