Ƙwallon Gora Kan Ƙanƙara: Daga Akwatin Talabijin Zuwa Kuala Lumpur

Yau hirarmu ta kimiyya za ta kai mu birnin Kuala Lumpur, hedkwatar ƙasar Maleshiya, inda ba a taɓa ganin dusar ƙanƙara ta sauka ba. Garin nan yana kimanin digiri 3 ne kurum arewa da layin da ya raba duniya biyu, zafinsa da rana yakan haura digiri 30, ga laima a cikin iska kamar tsakiyar damina. Duk da haka, cikin watan Agusta na 2017, lokacin da aka yi wasannin ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya a can, aka sa wasannin ƙanƙara a ciki, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. A ƙwallon gora na kan ƙanƙara ƙasar Filifin ta zo ta ɗaya, Tailan ta biyu, masu masauki kuwa na uku.

Mu a ƙasar Hausa ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan zubo tare da ruwan sama ta ɓata gero, sai kuma ta masu sayar da ruwan sanyi. Mutanen Maleshiya ma kusan haka suke. Yara masu yawa na ƙasashe masu zafi a jikin gilashin talabijin suka fara ganin mutum yana zamiya bisa ƙanƙara, har su da kansu suka tuƙa shi. To, bari mu ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin nan mu kwance shi, mu ga abin da ke ciki.

Sunansa Ice Hockey. Kamfanin Activision na Amurka ya fito da shi cikin 1981, wani masani mai suna Alan Miller ya tsara shi, domin na'urar nan Atari 2600 da aka fara sayarwa cikin 1977. Shi Miller da abokansa uku dā ma'aikatan Atari ne. Cikin 1979 suka bar aikin suka kafa nasu kamfani, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne ba a sa sunan mai aiki a jikin aikinsa. A sabon wurin sai suka riƙa buga sunan wanda ya tsara wasa, har da hotonsa, a takardar da ke cikin kwali. A ganina sun yi gaskiya. Ko malamin da ya kwafe littafi da hannu yakan rubuta sunansa a ƙarshe.

Ƙwallon gora na ainihi mutum shida-shida ke yinsa, bisa fili mai tsawon kusan ƙafa 200, suna bugun wani faifan roba baƙi mai faɗin inci 3 da kaurin inci 1. A wasan Miller kuwa mutum biyu-biyu ne, ɗaya a gaba, ɗaya yana tsaron gida, kowane karo kuma minti 3 ne. Kai da abokinka kowa ya riƙe sandarsa mai maɓalli ja guda, na'ura ta ba ka ikon wanda ya fi kusa da faifan cikin mutanenka biyu. Idan faifan ya zo hannunka sai ya riƙa kai da komowa a bakin gorar, inda yake sa'ad da ka danna maɓalli shi ke nuna inda zai nufa. Kana iya maka wa abokin hamayya gora ya faɗi warwas, babu alƙalin da zai busa usur. Nan ne fa gardama kan tashi tsakanin wa da ƙane.

Me ya sa biyu-biyu? Dalili yana cikin cikin na'urar, shi ne kuma abin mamakin. Ƙwaƙwalwar da Atari 2600 ke ajiye lissafinta na nan take gurbi 128 gare ta tak, kowane gurbi kuwa abin da zai ɗauki harafi guda ne. Watau gajeren saƙon wayar hannu, mai haruffa 160, ba zai shiga cikinta ba. A nan za a ajiye yawan cin kowa, da lokacin da ya rage, da inda kowane ɗan wasa yake, da saurin faifan. Wurin ajiye hoto ɗungurungum babu shi sam.

Ku tuna da masaƙi a bakin masaƙarsa. Ba ya yin zane gaba ɗaya, ƙoshiya yake jefawa, zare bisa zare, har ƙyalle ya tashi. Tsohuwar talabijin haka take aiki: wani siririn haske ne ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, a Amurka sau 60 cikin daƙiƙa guda. Sai dai wannan ƙoshiya ba ta jiran kowa. Layi guda ba ya wuce kimanin kashi 64 cikin miliyan na daƙiƙa, cikin ɗan lokacin nan kuwa bugu 76 kaɗai injin lissafin na'urar ke samu. Tilas mai tsara wasa ya ƙidaya kowane umarni, ya shirya launi da siffar layi na gaba tun hasken bai iso ba. In ya makara da bugu kaɗan, hoto ya karkace. Sa'an nan siffofin 'yan wasa biyu kurum aka tanadar wa na'urar. Dabarar da aka saba ita ce, in an gama zana mutum a sama, sai a sake ɗaukar wannan siffa a zana wani da ita can ƙasa, kamar mai kwano ɗaya da ke ciyad da baƙi bi da bi. Mutum goma sha biyu suna cakuɗa wuri guda ya fi ƙarfinta.

Santsi fa, yaya ake kwaikwayonsa? Da lissafi. Na'ura tana riƙe da lamba mai nuna saurin abu, duk sa'ad da aka sāke hoto sai ta ƙara lambar nan bisa inda abin yake. In ana son ƙasa mai kaushi, sai a rage lambar da yawa kowane karo, abu ya tsaya nan da nan. In ƙanƙara ake so, sai a rage kaɗan-kaɗan, abu ya yi ta sulɓewa. Ka'idar Isaac Newton ce ta 1687: abin da ke tafiya ba zai tsaya ba sai wani abu ya tare shi.

Ita ƙanƙarar gaske ta fi haka wahalad da masana. An daɗe ana koya wa 'yan makaranta cewa nauyin mutum bisa kaifin takalmi ke narkad da ita, amma da aka auna sai aka ga nauyin bai isa ba idan sanyi ya tsananta. Cikin 1939 Bowden da Hughes suka nuna zafin gogayya yana narkad da ɗan abin da ƙarfe ke bi. Tun kafinsu kuma Michael Faraday na Ingila ya ce fatar ƙanƙara kanta tana da ɗan danshi ko da ba a taɓa ta ba, binciken zamani kuwa ya gaskata shi.

Mu koma Maleshiya. Wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, na'urar da ta shiga gidaje da yawa a can ita ce Micro Genius, ƙirar Taiwan, wadda aka kwaikwayo daga Famicom na kamfanin Nintendo. Irinta ma sun cika kasuwanninmu. Talabijin ɗin Maleshiya, kamar ta Nijeriya, sau 50 take sāke hoto a daƙiƙa. Saboda haka wasan da aka tsara bisa 60, in ba a gyara shi ba, yakan rage sauri da kashi ɗaya cikin shida, har kiɗansa ya yi nauyi. Yaro a Kuala Lumpur ko Kano bai san haka ba, shi dai wasa yake yi.

Cikin 1997 aka buɗe filin ƙanƙara a babbar kasuwar Sunway Pyramid, kusa da birnin. Bututu ake shimfiɗawa ƙarƙashin daɓe, a riƙa tura ruwan magani mai tsananin sanyi cikinsu, kana a yayyafa ruwa a kai kaɗan-kaɗan har ya daskare ya kai kaurin inci ɗaya da 'yan kai. A shekarar nan kuma aka haifi Julian Yee, wanda ya koyi zamiya a filin kasuwa tsakanin masu sayayya, ya ci zinariya a gasar 2017, sa'an nan ya tafi Pyeongchang ta Koriya ta Kudu cikin 2018. Karo na farko ke nan da Maleshiya ta shiga wasannin Olimfik na hunturu, haka kuma Nijeriya, wadda Seun Adigun da abokanta mata suka wakilta a tseren keken ƙanƙara.

Su kuwa tsofaffin wasannin suna cikin hatsari. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar cikin 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a buga su kuma. Kaset ɗin da suka rage laima na cin haƙoransu na ƙarfe a gari irin Kuala Lumpur, a wurinmu kuwa ƙurar hunturu ke toshe su. Wanda duk yake da irinsu a ƙasan akwati, kada ya hura musu iska da baki kamar yadda yara suka saba, domin danshin numfashi tsatsa yake jawowa. A goge haƙoran da auduga da ɗan sifirit, a bari su bushe, a ajiye inda ba zafi ba laima.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.