Da Wane Adireshi Ma'aikaci Zai Sa Hannu?

Kamfanin Galaxy Backbone da ke Wuse II na samar wa ma'aikatun tarayya imel na hukuma mai ƙarewa da .gov.ng. To, ma'aikacin da ke ba da gudummawa ga manhajojin da kowa ke iya gyarawa, wanne zai yi amfani da shi? Tun 2004 masu kula da Linux suka shardanta cewa kowane gyara ya zo da suna da imel, kuma manhajar Git na adana su a tarihin aikin. Adireshin ofis na nuna da yawun gwamnati aka yi aikin, ga shi ana iya rufe shi bayan ritaya. Saboda haka, aikin ofis a sa masa adireshin ofis, na sa-kai kuwa adireshin mutum na kansa.