Masu Dublan a Gangara

Da azumi ya kai ashirin da biyar, ƙamshin man gyaɗa kan fara tsallake katangun Gangara. Mai wucewa zai ɗauka cincin ake soyawa. Amma a ƙarƙashin rumfa akwai wadda ta shimfiɗa tabarma, ta aje faranti a gabanta, tana aikin da ya fi kama da ɗinkin hula fiye da girki. Dublan take yi.

Kayan haɗinsa ba su da yawa: fulawa, ɗan gishiri, mai da ruwa. A kwaɓa da tauri, a rufe ya huta, sannan a murza da kwalba ko injin taliya har ya yi falan-falan. Daga nan gwana ke rabuwa da 'yar koyo. Za ta yanka ƙananan faya-fayai da bakin kofi, ta ninke kowane biyu, ta tsattsaga shi da almakashi ba tare da ta kai ƙarshe ba, ta buɗe, ta harɗe silayen, ta manne baki da ɗigon ruwa. Sai ga fure a tafin hannu. Wata tana fitar da sarƙa, wata kwando, kuma matan unguwa suna gane hannun kowa tun kafin a faɗi daga gidan da aka aiko.

Suyar ma tana da ƙa'ida. Wuta kaɗan ake sa wa, domin dublan da ya yi ja ya ɓaci ko da ya yi daɗi. Fari ake son sa, a tsame, a tsoma cikin dafaffen sukari da aka matsa wa lemun tsami don kada ya ƙanƙare. Ya sha, ya yi sheƙi.

A Turai akwai masu kwaɓa fulawa da gishiri mai yawa, su gasa, su shafa fenti, su rataya jikin bishiyar Kirsimeti. Nasu ba a ci. Namu ana ci, amma ni a ganina ido aka fara yi wa shi. Abin da ya sa ke nan ake jera shi a saman kwalla ranar kai gara, alkaki da nakiya a ƙasa, don dangin ango su fara cin karo da shi idan sun ɗaga murfi. Da shi ake auna uwar amarya.

Sana'ar ta sha wuya a 'yan shekarun nan. Hare-haren 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa sun kori iyalai da yawa zuwa jihar Maraɗi, wasu aka zaunar da su a Cadakori da Garin Kaka. Rufe iyakar Nijar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, ya ƙara wa kasuwa nauyi. Biki ya taƙaita, mai sayen mudu goma ya koma biyu, wasu sun haƙura da cincin, wanda yarinya ma za ta yanka.

Duk da haka, inda aka ɗora kasko za ka ga 'yan mata sun kewaye mai yin, wannan na cewa Inna, waccan na cewa Gwaggo, kowa na roƙon guntun ƙullu. Takan gutsura ta ba su. Na farkon da suka harɗe yakan warware a cikin mai, sai ta tsame shi ta aje gefe, ba ya shiga kwalla.