Rabon Lokacin Ma'aikatan Jinya a Sashen Kulawa ta Musamman Yayin Annoba: Misalin Ingila a 2020

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa idan annoba ta ɓarke, lokacin ma'aikacin jinya ne ke fara ƙarewa a sashen kulawa ta musamman, tun kafin gado ko na'ura su ƙare. Matsalar daɗaɗɗiya ce. A 1952, da cutar shan-inna ta afka wa birnin Kopenhagen, ɗaruruwan ɗaliban likitanci ne suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana, suna matsa jakar roba da hannu domin hura wa majiyyata iska. A nan za mu ɗauki misalin Ingila a lokacin annobar korona.

Ƙa'idar Aiki Kafin Annoba

Bisa ƙa'ida, duk majiyyacin da ke kan na'urar numfashi yana da ma'aikacin jinya guda da ke tsaye a kansa, galibi na tsawon awa 12. Kowace awa zai rubuta bugun zuciya da awon jini da yawan fitsari. Tsakanin haka kuma zai ba da magani, ya zuƙe majina, ya juya majiyyaci don gudun gyambon kwanciya.

Yadda Annoba ta Sauya Rabon

A watan Maris 2020 hukumomin lafiya na Ingila suka amince ƙwararre guda ya kula da majiyyata har 6, tare da mataimaka daga wasu sassa. Da haka lokacinsa ya kasu huɗu.

Na farko, kayan kariya. Sa su da tuɓe su aiki ne mai tsari, ba a gaggawa a cikinsa. Saboda haka aka riƙa haɗa ayyuka da dama a shiga guda.

Na biyu, kwantar da majiyyaci rub-da-ciki. Wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa yin haka na aƙalla awa 16 a jere yana rage mutuwar masu matsanancin ciwon huhu. Amma juyi guda kan buƙaci kamar mutum 5, don haka asibitoci da yawa suka ware ayari na musamman don wannan aiki kaɗai.

Na uku, sa ido a kan mataimaka. Ƙwararre ya koma malami kuma mai duba aiki, watau hannunsa ya yi nisa da gado.

Na huɗu, iyalai. Da yake an hana ziyara, shi ne kan riƙe waya a kunnen majiyyaci, wani lokaci ma don bankwana.

Duk mintin da ɗayan waɗannan ya ci, daga wani wuri aka yanko shi, sau da yawa daga hutun ma'aikacin kansa.

Kammalawa

Asibitin Nightingale da aka buɗe a Landan ranar 3 ga Afrilu 2020 an tsara shi ya iya ɗaukar gado 4,000, amma majiyyata 54 kacal ya karɓa a zagayen farko, kuma ƙarancin ƙwararrun ma'aikatan jinya na cikin dalilai. Ana iya kafa gado cikin kwanaki, amma horar da ƙwararre sai an shekara. Shawararmu ga masu tsara manufa ita ce su riƙa lissafin shirin annoba da awoyin ma'aikata, su kuma horar da mataimaka tun ana zaman lafiya.