Yadda Ƙwayar Masara Ke Cika: Bayani Ga Manoman Rani Na Kura Da Bunkure

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suke cin moriyar noman rani a ƙarƙashin shirin ban ruwa na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ke kula da shi. Sai dai sau da yawa manomi kan ga masararsa ta yi kore shar, amma idan ya ɓare goyon sai ya tarar kan totuwar babu ƙwaya, ko kuma ƙwayar ta motse. Dalilin haka yana cikin ƙwayar kanta.

Daga ganye zuwa ƙwaya

Ganyen masara yana haɗa sukari ne da taimakon hasken rana, sannan ya tura shi ta cikin kara zuwa goyo. A gindin kowace ƙwaya akwai wani sinadari mai suna inbatas, wanda ke raba sukarin gida biyu domin ƙwayar ta iya karɓarsa. Daga nan wasu sinadaran sukan mayar da shi sitaci, wato garin da ake tuwo da koko da shi, wanda ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙwaya. Masana sun gano cewa irin masarar da ba ta da wannan sinadari na farko, ƙwayarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin da ya kamata.

Abin da ke rage ƙarfin sinadaran

Shuka tana ƙara aikin sinadaran ko ta rage shi gwargwadon halin da ta sami kanta. Idan ƙishirwa ta kama masara lokacin fitar gemu da makonni biyu bayansa, aikin inbatas yakan ragu, sukari ya kasa shiga, ƙwayoyin kan totuwa su mutu. Wannan asara ba ta gyaruwa ko da an malala ruwa daga baya, kuma takan kai rabin amfanin gonar.

Haka kuma sinadarin da ke fara haɗa sitaci ba ya jure zafi mai tsanani. Saboda haka masarar da cikarta ta faɗo a tsakiyar bazara, cikin Maris da Afrilu, takan yi rashin nauyi.

Abin da ya kamata a yi

1. Kada a tsallake ban ruwa daga fitar fure har ƙwaya ta yi tauri.
2. A tuntuɓi malaman gona na KNARDA game da lokacin shuka, da kuma irin SAMMAZ na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da ya dace da gonar.
3. A sa takin yuriya kafin fure, domin ganye ya daɗe yana aiki.
4. Kada a yanke ganye a ba dabbobi sai an ga baƙin ɗigo a gindin ƙwaya, alamar cewa ta gama cika.

Ana kira ga hakimai da dagatai da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da su riƙa la'akari da gonakin da masararsu ke fitar da gemu wajen rabon ruwa, musamman waɗanda ke ƙarshen magudana, inda ruwa kan yi jinkirin isa.