Amfanin Sinadarin Enzayim Wajen Wanke Yadin Auduga Da Gyara Shi

Babban abin da ke cin kuɗin masaƙa bayan an kammala saƙa shi ne wanki da gyaran yadi, domin aiki ne mai shan ruwa da baƙin mai da sinadarai. A nan ne enzayim ya sauƙaƙa wa masu masana'antu.

Enzayim wani sinadari ne da ake samu daga ƙananan halittu, kuma kowane iri abu guda yake narkarwa, ya bar saura. Irinsa ne a cikin tsiron hatsi yake mayar da sitaci ya yi zaƙi.

Kafin a yi saƙa akan shafa wa zaren tsaye sitaci don kada ya tsinke. Enzayim mai suna amylase shi ke narkar da wannan sitaci ba tare da ya taɓa audugar ba. Daga nan sai pectinase ya share hanyar cire kakin da ke hana yadi shan ruwa, a zafin da bai wuce digiri 50 zuwa 60 ba, maimakon a dafa yadin cikin soda mai ƙuna har kusan tafasa. Bayan an faranta yadi, catalase yakan kawar da ragowar sinadarin farantawa, ta yadda za a shiga rini ba sai an yi ta ɗauraya ba.

Shi kuwa cellulase, wanda ya bazu tun ƙarshen shekarun 1980, yakan aske ƙananan gashin da ke saman yadi, sai ya yi laushi da sheƙi. Da shi ake koɗar da wandon jins a madadin duwatsun da ke lalata injuna.

Sai dai akwai abin lura. Idan cellulase ya yi yawa ko ya daɗe a jikin yadi, ƙarfin yadin zai ragu. Haka kuma enzayim yakan mutu in an ajiye shi a wuri mai zafi, ga shi yawancinsa daga ƙasashen waje ake sayo shi, musamman daga kamfanin Novonesis na ƙasar Denmak.

Saboda haka ya kamata mai masaƙa a Legas ko Kaduna ko Kano ya auna kuɗin enzayim da abin da zai rage na mai da ruwa da tsabtace dagwalo kafin ya yanke shawara. Ɗan kasuwa kuma ya ja bakin yadi ya gwada ƙarfinsa, kada laushi kaɗai ya ruɗe shi.