In Fasinja Ya Faɗi Cikin Jirgin Ƙasa: A Tsaya Ko A Wuce?

A birnin Paris da kewayensa, jiragen ƙasa ne ke kai ma'aikata wurin aiki da safe, su maido su gida da marece. Layin da ake kira RER A shi kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da miliyan ɗaya kowace ranar aiki. Cikin irin wannan cunkoso, ga zafi, ga doguwar tsayuwa, ga wanda ya fito bai karya kumallo ba, ba a rasa wanda jiri zai kayar. Galibi suma ce kawai, amma wani lokaci zuciya ce ta tsaya.

Shekaru da dama al'adar ita ce jirgi ya tsaya a tasha, maras lafiya na ciki, har ƴan kwana-kwana su iso, domin a Faransa su ne ke fara kai agaji. To, da jirgi ɗaya ya tsaya, na bayansa duka sun tsaya, wasu ma cikin hanyar ƙarƙashin ƙasa, inda cunkoso kan kayar da wasu fasinjojin. Saboda haka a watan Fabrairu na 2024, ana shirin wasannin Olimpik, shugabar hukumar sufurin jihar, Madam Valérie Pécresse, ta bayyana cewa za a riƙa fito da maras lafiya bisa dandamalin tasha, a kula da shi can, jirgi ya wuce. Wasu ƙungiyoyin ma'aikata sun nuna rashin yarda, da hujjar cewa su ba likitoci ba ne.

Ko a tsaya ko a wuce, mintocin farko suna hannun wanda ke kusa. Abin da hukumomin jirgi ke ja wa jama'a kunne a kai shi ne kada a ja ƙararrawar tsaida jirgi tsakanin tasha da tasha, don jirgi na iya cijewa inda masu agaji ba za su kai da sauri ba. A bari ya shiga tasha tukuna. Kafin nan a kira lamba 3117 ta jiragen ƙasa, ko 15, ko 18, ko 112, a faɗi layi da tashar da ke gaba.

Sannan a duba numfashi. In mutum ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi bisa gefensa, a kwance masa wuya, jama'a su ja baya ya sami iska. Kada a ɗura masa ruwa, domin yana iya shaƙe shi. Wanda ya bugu a wuya ko gadon baya, ba a ɗaga shi sai in barinsa wurin ya fi haɗari. In kuwa numfashi ya ɗauke, babu jira: a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo na'urar farfaɗo da zuciya. Kowane minti da ya wuce ba a danna ba, begen tsira yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100.

Wannan aiki ba ya bukatar takardar likita, kuma ba na jirgi kaɗai ba ne. Yadda yake a Paris, haka yake cikin motar Maraɗi zuwa Damagaram. A Nijar ma lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.